Ƙota ta Uku

Mutumin da ya tarye ni a filin jirgi a Italiya ya iya murmushi, wannan kam ba zan hana masa ba. Ya rungume ni kamar ɗan ɗakinsu, ya ɗauki jakata, muka hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari, ya saya mini shayi mai zafi. Sai ya ce in kawo fasfo da takardar kamfani, zai je ya yi mini rajista a wani ofis da ke bayan tasha. Ya zaunar da ni a kan benci, ya ce minti goma. Na zauna cikin kwat ɗin da tela ya ɗinka mini a Birnin Kebbi, takalmina sai ƙyalli yake, har rana ta take tsaka, har ta karkata. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan, minti goman nan ba su cika ba.

Aikin safiyo aka ce zan yi. Ina da takardar shaidar awon ƙasa, kuma wani mai ofis a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, mai kujeru masu laushi da hoton dusar ƙanƙara a bango, ya nuna mini sunan kamfanin da ya ƙagara in iso. Na sayar da babur ɗina da ɗan filin da na gada wajen Inna, na danƙa masa kuɗin. Ashe kamfanin nan a kan takarda kawai yake zaune.

Amma a kan bencin nan ba fasfo ne ya fi tsaya mini a rai ba. Wata magana ce da na faɗa wa mahaifina kwana tara kafin in taso.

Mu mutanen Zauro ne, manoman shinkafa. Tsakanin bayan gari da gonarmu a fadama akwai wata turba, tafiyar kamar rabin awa. Duk damina gulbi ya hau ya cinye ta, duk kaka idan ruwa ya janye a kira gayya a sake ta. Baba ne ke shiga gaba. Zai tuɓe takalmi ya rataya a wuya, ya riƙa takawa a hankali, yana duban inda tururuwa ta yi gida da inda ruwa ya bar shara a jikin itace. Inda ƙafarsa ta ji ƙasa na da ƙarfi, sai ya sunkuya ya ƙulla ciyawa. Mu kuma mu bi ƙullin da hauya muna tada ƙasa. Turbar ba ta taɓa bin wuri ɗaya shekara biyu a jere ba, ba ta kuma taɓa miƙewa sak ba. Ni da na yi karatun awo, na riƙe na'ura mai ƙafa uku, abin nan ƙauyanci nake ganinsa.

A gayyar ƙarshe, muna gindin wata giginya, na gaya wa Baba na sami aiki a Turai. Ya ɗago ya ce, "To, turbag ga hwa? Wa zai bi ƙullina?" Tambaya ce kawai, amma raina ya tashi. Na yi jifa da hauyata, wadda shi da kansa ya je Argungu ya sa maƙeri ya ƙera mini shekarar da na isa shiga gayya. Na ce, "Ni na gama da hauya har abada. Ban yi karatu don in ƙare cikin laka kamar..." Nan na tsaya, amma mutum ashirin da ke wurin kowa ya ji sauran. Baba ya je ya ɗauki hauyar, ya share mata laka da gefen rigarsa, ya ci gaba da ƙulla ciyawa. Na bar ƙasar ban nemi gafararsa ba, wai sai na dawo da mota in yi abin cikin girma. Daga ranar bencin nan buri ɗaya ya rage mini, in koma in durƙusa gabansa tun yana da rai.

Wanda ya tashe ni daga bencin wani Bazabarme ne mai tallar laima, mutumin Dosso, sunansa Hamani. Ya ji ina salati a fili, ya matso, ya yi mini Hausa irin ta wajenmu.

"Ɗan'uwa, tun hantsi nike ganinka. Wa kaka jira?"

Na kwatanta masa mutumin.

"Mai haƙorin zinari? Tashi mu tahi. Bencin ga nashi na, nan yaka aje mutane."

Ya kai ni ɗakin da suke kwana su shida, ya zuba mini shinkafa da miyar gyaɗa, ya ba ni tsohuwar rigar sanyinsa mai warin taba. Ya dubi kwat ɗina sama da ƙasa ya ce, "Tuɓe ta ka aje, ango. Nan ba a biki." Wannan ɗakin shi ne zangona na farko. Kusan shekara na yi ina bin Hamani da laima, muna addu'ar ruwa ya sauka fiye da yadda manomi ke yi, muna gudu idan mun hango 'yan sanda. Ya sha gaya mini cewa idan na miƙa kaina za a sa ni a jirgi a mayar da ni gida. Na ƙi. In sauka Zauro da kwat ɗaya da hannu biyu, gaban mutanen da suka ji abin da na ce? Girman kai ne, na sani, amma a lokacin sunansa mutunci a wurina.

Zango na biyu gonakin tumatir ne a kudancin ƙasar. Shekara biyu na yi a can. Da asuba wata tsohuwar mota ta kwashe mu, mu sunkuya har la'asar, ranar kudu kuwa ba ta da maraba da ta Kebbi a bazara, sai dai babu inuwar giginya. Mai kwasarmu baƙar fata ne kamarmu, kuma ya fi mai gonar mugunta, ruwan sha ma sai ya ga dama. Na riƙa lallashin kaina da cewa ko ba komai na cika maganata, tumatir da hannu ake tsinka, ban taɓa hauya ba. Ka ji wauta.

Duk Juma'a da yamma yayata Balki, wadda ke aure a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi, takan je Zauro ta kai wa Baba abinci, ta kira ni ta kara masa waya a kunne. Ni kuwa nakan fito da kwat, in je gaban wani dogon gini mai gilashi a ɗauke ni hoto in tura mata. Na ce ofishinmu hawa bakwai ne, na ce ina da tebur nawa ni kaɗai. Baba bai taɓa tambayar ofis ba. Tambayoyinsa biyu ne kullum.

"Ruwa ya sauka can?"

"Ya sauka, Baba."

"Ƙasassu baƙa ta ko ja?"

"Baba, ni ohis nike wuni, ban duba ba."

Ina faɗin haka ina kallon ƙasar a ƙarƙashin farcena, ja ce mai ɗan yashi. Sai ya ce, "To, Allah shi yi albarka," Yaya Balki ta karɓe wayar. Sau da yawa na shirya maganar neman gafara har ta zo bakina, in haɗiye. Abin da na yi gaban jama'a na yi shi, ban ga yadda zan gyara shi ta waya ba.

Wata Juma'a Yaya Balki ta fita waje da wayar, ta rage murya. "Bashiru, idanun Baba sun yi yana. Bana bai tahi hwadama ba. Turba ta mace, babu mai kiran gayya, samari duk ta titi suka zagayawa da babur. Wuni yaka yi zaure shina tambayar ko ruwa ya janye. Tsohon ga hwa ba ƙuruciya yaka ƙarawa ba. In za ka taho, ka taho."

A satin nan na kira Hamani. Shi ya ba ni labarin wata ƙungiya a arewacin ƙasar da ke ɗaukar irinmu marasa takarda aikin kula da wani gandun daji a bakin kogi. Idan ka yi wata shida na gwaji, shugaban aiki ya sa maka hannu, lauyar ƙungiyar za ta nema maka takardar zama, ka sake fasfo, ka je gida da ƙafarka. Na ce wata shida ba yawa. Wannan sa hannun shi ne ya zama mini komai.

A jirgin ƙasa na arewa na leƙa taga, na ga abin da ban taɓa tsammani ba. Shinkafa. Gonaki ne shimfiɗe har iyakar gani, ruwa kwance a cikinsu, ga balbela tsaye da ƙafa ɗaya kamar dai wadda na baro a Zauro ce ta biyo ni. Babu wanda ya taɓa gaya mini Bature na noman shinkafa. Na manna goshi da gilashi ina kuka, wata tsohuwa da ke gefena ta miƙo mini lemo.

Kogin kuwa faɗinsa ya kai gulbin Argungu inda nake zuwa hutu wurin kawuna masunci, amma shiru yake. Babu kwalekwale, babu mata masu wanki, babu shanun da ke shan ruwa, babu warin bandar kifi. Sai bishiyoyi dogaye, da turbobi masu tsakuwa, da mutane suna tafiya da karnuka. Na daɗe ban gane turbobin nan ba. Ba su kai ka gona, ba su kai ka kasuwa, sai su zagaya da kai su maido ka inda ka aje mota. Mutum ya ƙoshi, ya sa takalmi na musamman, ya zo ya yi tafiyar da babu wanda ya aike shi.

Shugaban aikin wani dattijo ne gajere mai kaurin hannu, sunansa Renzo, magana a wurinsa tsada gare ta. Ranar farko ya ba ni takalma masu ƙarfe a baki, ya ce doka ce, ba a tuɓe su a bakin aiki ko da minti ɗaya. Sannan ya shiga rumfar kaya ya fito ya miƙo mini hauya. Doguwar ƙota gare ta, ba irin tamu ba, amma hauya ce ko a gaban alƙali. Na tsaya ina dariya ni kaɗai. Na ratso rabin duniya ina gudunta, ga ta ta riga ni isowa.

Aikin ya shiga jikina da sauri, har abin ya ba ni haushi. Mu yashe magudanan gefen turba kafin ruwa, mu tura baro mu cike ramuka da tsakuwa, mu sare rassan da za su tsone wa mai keke ido, mu sauya katakon gada da ya ruɓe. Renzo yakan tsaya inda mutane suka yanke hanya ta cikin ciyawa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ko dai mu toshe wurin da ƙaya ko mu yarda sun fi mu gaskiya mu mayar da shi turba. Yana son aikina, na gane haka don ya fara raba burodinsa biyu da rana yana tura mini rabi. Ni kuma, da neman suna, na so in burge shi.

A wata na uku ya bar ni in share wani yanki, shi ya tafi taro kwana biyu. A gefen turbar akwai wani ƙaton itace da ya faɗi, ya bushe ƙayau, da wani ɗan ƙarfe mai lamba a jikinsa. Kullum na wuce shi sai na tuna Inna, Allah ya jiƙanta, da nisan da take yi neman ƙiraren girki. Na ce mutanen nan lalaci ne ya hana su ɗauke wannan arziki. Na sami gatari, na yi kwana biyu a kansa, na faskara shi tas, na ɗaure dami-dami na jera a bakin ƙofar gandun. Dami mafi kyau kuwa na ɗauka a ka har ƙofar gidan Renzo, don na ga yana da murhun itace.

Da ya dawo ya ga aikin, ya cire hularsa, ya zauna a ƙasa. "Bashir, me ka yi?" Ya ja hannuna ya nuna mini ramukan da ke cikin faskaren, da ƙwarin da ke ta gudu, da wani gurbi na ganye inda bushiya ke kwana lokacin sanyi. Ashe da gangan aka bar itacen ya ruɓe. Shekara da shekaru masu bincike na zuwa suna duba abin da ke rayuwa a cikinsa, lambar nan tasu ce.

"A nan mataccen itace gida ne," in ji shi.

Na ce, da ɗan Italiyancin da na iya, "A garinmu abincin dare ne."

Bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, bai yi ba. Muka kwashe faskaren muka mayar inda itacen yake, muka jera kamar masu haɗa fasasshiyar tukunya. Dole ya rubuta rahoto, ofis kuma ya aiko da amsa cewa laifi na biyu, kowane iri ne, babu sa hannu. Ranar nan ban iya cin rabin burodin ba. Na yi ta ganin Baba a zaure yana tambayar ruwa, ni kuma na kusa sayar da ganinsa saboda damin itace.

Daga nan na zama kurma. Abin da aka ce shi nake yi, ko ganye ban tsinka sai na tambaya. Har aka zo saura sati uku gwajina ya ƙare, sai aka kawo aikin sabuwar turba da za ta ratsa wani fili zuwa bakin kogi. Wata injiniya mai suna Kiyara ta zana ta, aka kafa fegi, 'yan turaku masu jan ƙyalle, a jere, miƙaƙƙiya sak. Na duba taswirar da idon safiyo, ban ga kuskure ba. Awonta daidai, gangarenta daidai. Da ni aka ba, haka zan zana.

Ranar da za mu fara, da azahar, na gangara kogi na yi alwala na yi salla. Da zan dawo na ƙyale ƙafata ta sha iska, na ɗaure igiyoyin takalman na rataya a wuya, na biyo layin fegin. Ban yi taku talatin ba na tsaya cik. Sama ƙasar ta bushe har da tsagewa, amma a ƙarƙashin tafin ƙafata akwai sanyi, kuma tana ɗan lotsawa tana dawowa. Na san wannan lotsawar. Na duba hagu da dama, babu gidan tururuwa ko ɗaya a kan layin, alhali can gefe, taku goma, ga su nan birjik. Ciyawar ma ta fi duhu, ta bi wani lanƙwasa kamar maciji. Ruwa na kwance a ƙarƙashin wurin nan, kuma duk tsakuwar da za mu zuba damina ɗaya za ta haɗiye ta.

Na tuna abin da Hamani ya gaya mini a waya bayan maganar itace: "Ruhe bakinka. In sun ce ka shimhiɗa hanya bisa ruwa, shimhiɗa, ka amshi takardakka." Gaskiya ya faɗa. Turbar ba ta ubana ba ce, idan ta nutse ina Zauro lokacin. Na kai hannu zan sauke takalman in sa. Wallahi ban san yadda aka yi ba, sai na ga na koma gefe, ina takawa a hankali, inda ƙasa ta yi ƙarfi na sunkuya na ƙulla ciyawa. Na ƙulla ɗaya, na ƙulla biyu. Hannuna ya tuna ƙullin da ban taɓa yarda na koya ba. Na manta lokaci, na manta doka, na bi tudu-tudu ina lanƙwasawa har bakin kogi.

Ina ɗagowa na ga Renzo da injiniya tsaye suna kallona. Hutun rana ya wuce da awa guda, ga ni ba takalmi, laka har idon sawu. Kiyara ta nuna ƙafata, ta nuna agogo, ta yi magana da sauri wadda rabinta kawai na kama, amma na ji kalmar rahoto. Na ce shi ke nan, Bashiru, ka sake yi.

Renzo ya ce, "Mene ne waɗannan?" yana nuna ƙullin ciyawar.

Na ce, "Hanyar da ruwa ba zai ci ba. Akwai ruwa ƙarƙashin fegin."

"Wa ya gaya maka?"

Na nuna ƙafata. Na ce, "Haka babana yake yi. Manomin shinkafa ne." Wannan ne karo na farko da na faɗi sana'ar Baba a ƙasar nan ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Sai Renzo ya nemi wani kututture ya zauna, ya kwance igiyar takalminsa, ya tuɓe, ya tuɓe safa. Ƙafafunsa farare fat kamar rogon da aka ɓare. Ya taka layin fegi, ya taka layin ƙullina, ya dawo ya sake takawa. Ya ce a kawo shebur. Muka haƙa rami a gindin fegi na bakwai, ba mu kai tsawon hannu ba ruwa ya fara tsattsafowa, kafin mu huta ya cika rabi. Renzo ya dafa kai. Ya ce yanzu ya tuna, yana yaro akwai magudanar da ke kai ruwa gonakin shinkafa ta nan, mahaifinsa ma ya yi aiki a cikinta, daga baya aka cike ta aka manta, ba ta cikin kowace taswira.

Kiyara ta durƙusa ta sa hannu a ramin. Mace ce mai gaskiya, ba ta yi gardama da ruwa ba. Ta ciro na'urarta ta bi ƙullina ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar awo. Da ta gama ta ce, to maganar takalmi fa? Renzo ya dubi ƙafarsa ya ce, "Mutum biyu na gani ba takalmi. In zan rubuta, da sunana zan fara." Bayan sati uku ya sa mini hannu a kan murfin mota, ya tura mini rabin burodi.

Takardar zama ba ta fito ba sai bayan wata goma sha huɗu. Wannan jiran ya fi tumatir wuya. Duk Juma'a idan waya ta yi ƙara sai na yi bisimilla kafin in ɗauka, ina sauraren muryar Yaya Balki in ji ko da kuka a cikinta. A cikin watannin nan muka gama turbar, ruwa ya zo ya tafi, ba ta motsa ba. Na riƙa ganin tsofaffi da masu tura jarirai suna bin lanƙwasarta, babu wanda ya san ƙullin wani makahon tsoho na Zauro suke bi. Duk da haka ban gaya wa Baba ba. A waya har lokacin ina hawa na bakwai.

Na sauka gida da kaka, shekara biyar cif bayan tafiyata. Kwat ɗin na bar wa Hamani, ya ce zai ajiye wa ango na gaba. Daga Birnin Kebbi zuwa Zauro na ga sababbin gine-gine da injinan ban ruwa, ban kula su ba, ƙamshin shinkafa da ta nuna kawai nake shaƙa. Na tarar da Baba a zaure da dattawa biyar, uku daga cikinsu suna gindin giginya a waccan ranar. Ya rame, idanunsa sun yi fari. Na yi sallama na durƙusa na miƙa masa hannu biyu.

Ya kama hannuna na dama bai sake ba. Ya juya shi, ya bi tafin da babban yatsansa a hankali, ya tsaya a kan kantar da ke gindin kowane yatsa.

"Bashiru," in ji shi, "ohis ɗin naku, da hauya aka rubutu?"

Dattawan suka fashe da dariya. Ni kuwa abin da na riƙe shekara biyar ya ɓalle. Na ce, "Baba, ƙarya nika yi maka. Babu ohis. Turba nika gyara, kuma ƙullinka na ya ba ni takardar da niz zo da ita. Ka yahe mani abin da nic ce gindin giginya." Na faɗa da ƙarfi don kowa ya ji, kamar yadda kowa ya ji na farko.

Baba ya saki hannuna ya nuna sama. "Tashi ka miƙa hannu cikin azara, dama da ƙohwa."

Na tashi na laluba, na jawo hauyata ta Argungu. An shafe ƙarfen da mai, babu tsatsa ko ɗigo. Ƙotar kuwa sabuwa ce fara, ta ɗan karkace, sassaƙar ba ta yi sumul ba.

"Ƙota ta ukku ta," in ji Baba. "Biyu gara ta cinye ina jiranka. Wagga da lalube nis sassaƙa ta, ka yi haƙuri da ita. Ruwa ya janye tun shekaranjiya."

Washegari muka fita, mu bakwai kacal, dattawa sun fi yawa. Ni ne a gaba ba takalmi, Baba a bayana hannunsa a kafaɗata, shi ma ba takalmi. Sau ɗaya ya matse kafaɗar ya ce, "Matsa dama kaɗan, ka yi gaggawa," na kwance ƙullin na sake. Kwana tara muka yi, ranar ta goma ya taka har gonarsa, ya zauna a kan kunya ya murza zangarniya a tafin hannu yana shinshinawa.

Kaka biyu ya ƙara gani, duka biyun na zo daga Italiya mun bi turbar tare. Bayan rasuwarsa na yi sallama da Renzo na dawo gida gaba ɗaya. Yanzu ni ke kiran gayya, wata shekara a zo da yawa, wata shekara mu huɗu. Mutane sun sha ce mini in sake wa hauyar nan ƙota, wai ta karkace tana sa ciwon hannu. Tana sawa kam. Har yau ta ukun ce.